Albasa Mai Tsinken Tsintsiya

Mu mutanen Maiyama muna da wani gyambo da ba ma son baƙo ya taɓa, amma mu da kanmu kullum sai mun sosa shi. Gyambon nan kuwa rediyo ne. Akwai wani gidan rediyo da duk yankinmu ke saurare, kowane hantsi yana karanto labarin kasuwanni da gonaki. Zai fara da Jega, ya daɗe a Jega kamar can aka binne cibiyarsa, ya faɗi farashin gero da dawa da shanu, har da cigiyar akuyar wani. Daga nan ya tsallaka Aliero ya yi wa albasa kirari. Mu gyara zama mu ce yanzu za a zo kanmu, sai mu ji mai shiri yana sallama. Shekara da shekaru haka ake yi mana, mu kuwa ba mu fasa sayen batir ba.

Duk garin babu wanda abin yake ci wa rai kamar Maiwada. Manomi ne, yana da 'yar fadama a bayan gari inda yake noman albasa da rani, albasar da in ka gan ta a faifai sai ka ɗauka goro ne. Amma da baki ke noma, da Maiwada ya ciyar da Kebbi har ya aika wa Sakkwato saura. Shi ya naɗa kansa Kakakin Maiyama, babu kuma wanda ya musa, don musu da shi ɓata yini ne.

Yana da taubashi ɗan Jega mai suna Ya'ƙub, dillalin hatsi, wanda kan zo garinmu awo. Wata safiya suka haɗu a teburin mai shayi, rediyo na bisa benci, aka gama shiri kamar yadda aka saba. Ya'ƙub ya kurɓi shayi ya dubi Maiwada.

"Taubashi, yau ma ban ji an kira ku ba. Ko garin naku ya tashi ba mu da labari?"

"Son kai na!" in ji Maiwada. "Masu rediyon ga dut surukan Jega na. Da ana bin gaskiya, da Maiyama za a hwara."

"To a ce mi? A ce yau ma rana ta hito Maiyama, ta kuma hwaɗi lahiya?"

Aka kwashe da dariya, har da 'yan garinmu, don mu ba ma ƙin dariya ko da a kanmu ake yi. Maiwada ya miƙe, ya ture hula gaban goshi, ya buga ƙirji.

"Jama'a ku shaida! Kahin a gama ɗibar albasar bana, in ba a kira sunan Maiyama cikin akwatin ga ba, ni Maiwada zan aza buhun hatsinka bisa kaina, in zaga kasuwar Jega da shi, ina hwaɗin Jega ita ta uwa!"

"Mun shaida," in ji jama'a.

Ya'ƙub ya ce, "Bari in tahi in zaɓi buhu mai nauyi."

Dabarar farko mai sauƙi ce. Akwai shirin da ake buga waya a yi magana, sai Maiwada ya ce shi zai kira sunan garin da bakinsa. Kwana uku yana bugawa layi a cushe. A rana ta huɗu ya samu shiga, majalisa duka ta yi tsit, aka ji muryarsa na fita ta rediyo. To Maiwada ɗan gidan mutunci ne, ba ya faɗa wa mutum magana babu gaisuwa. Ya tambayi mai shiri kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya koma ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya alhali bai san ko akwai su ba. Yana buɗe baki zai ce daga ina yake, kati ya ƙare.

Mai shiri ya ce, "To, mun gode wa wannan bawan Allah mai yawan gaisuwa. Sai mai kira na gaba, daga Jega."

Maiwada ya dubi wayar ya ce, "Da gangan sunka yanke. Sun ji muryar manya."

Ranar kasuwar Jega ya je da kansa ya nemo wakiliyar gidan rediyon, wata matashiya mai suna Bushra, wadda ke zagayawa da na'urar ɗaukar magana tana tambayar farashi. Ya tare ta a bakin 'yan hatsi ya zazzage mata duk abin da ke cikinsa. Ta saurara har ya gaji.

"Baba, ba ƙiyayya ba ce," in ji ta. "Mu labari muke bi. Jega na da kasuwa, Aliero na da albasa. Ku me za mu ce kuna da shi?"

Da mai hankali ne da ya ce muna da gero da dawa da mutanen kirki, ya tsaya nan. Amma Ya'ƙub na tsaye a gefe yana murmushi, murmushin nan kuwa shi ya kwance wa Maiwada linzami.

"Albasa! Albasar gonata guda ta kai ƙwaryar hura. Ta Aliero in ta gan ta sai ta duƙa ta gaishe ta."

"To madalla," in ji Bushra. "Ranar Laraba zan zo. Amma sai na ga an tono ta daga ƙasa da idona."

Da ya koma gida ya ba matarsa Kaltume labari, sai ta ajiye muciya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam, wace albasa? Wagga da nake jehwa biyat cikin miya in koma ina cigiyarsu?"

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Na dai san albasa."

Washegari ya naɗa rawani ya rufe har hanci, ya hau bayan Bala ɗan acaɓa suka nufi Aliero. Can ya sami wani tsohon manomi mai suna Magaji zaune a gindin rumbun albasarsa. Maiwada ya maƙe murya ya ce shi mutumin Yawuri ne, biki za a yi, yana son manya talatin, waɗanda suka fi kowace girma. Magaji ya shiga rumbu ya zaɓo masa wasu jajaye masu sheƙi, kowace sai an sa hannu biyu. Zuciyar Maiwada ta yi fari, amma bakinsa ya ƙi zama lafiya.

"Garinmu irin wagga yara ke wasa da ita," in ji shi.

Magaji ya dube shi da kyau. "To mi ya kawo ka nan, Alhaji?"

"Tausayi. Don ku ma ku samu ciniki."

Hanyar Aliero zuwa Maiyama dole ta ratsa Jega, wannan ma a wurinmu wani zalunci ne. Suna tsakiyar garin, Maiwada ya ja rawani har ido don kada a gane shi, ya saki buhu. Buhu ya faɗi ya fashe, albasa ta watsu a titi, masu mota na ƙaho. Mutanen Jega, Allah ya saka musu, suka taru suka taya tsincewa da zuciya ɗaya. Da aka gama taimako, talatin ta koma goma sha tara. Maiwada bai iya cewa uffan ba, don yana hango Ya'ƙub a tsallaken titi yana shan rake.

Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa, ya shiga fadamarsa ya haƙa ramuka goma sha tara ya binne albasar Aliero a jere. Ya ja da baya ya duba aikinsa, sai ya ga matsala. Albasar rumbu busasshiya ce, an yanke mata ganye da saiwa tun tuni, ga shi kuwa ba a taɓa ganin albasa a gona babu lawashi a kanta ba. Ya yi tsaye yana susar ƙeya, can dabara ta zo. Ya koma gida ya zare tsinke goma sha tara daga tsintsiyar Kaltume, ya yanko lawashin 'yan ƙananan albasarsa, ya soka kowane damin ganye a kan babbar albasa da tsinke. Daga nesa sai ka ce gonar gwamnati.

Kafin la'asar ganyen ya yi laushi ya kwanta. Ya yanko sabo ya sake sokawa. Da safe ya tarar awakin Gudiya maƙwabciyarsa sun shiga sun yi kalaci da shi, sun bar masa tsinkuna tsaye. Ya bi su da gudu har ƙofar gidanta.

"Gudiya, awakinki sun cinye mutuncin gari!"

"Mutuncin garin ganye na?" in ji ta daga cikin gida. "To Allah shi ƙara muna awaki."

Ya sake yanko lawashi karo na uku, har gonarsa ta gaskiya ta koma kwalkwal kamar kan da aka yi wa aski. Don kada sabon ganyen ya bushe, ya tada injin ban ruwa ya yi ta kwarara wa kwamin da ya binne albasar ruwa safe da yamma. Ko yaron goye a yankinmu ya san busasshiyar albasa ba ta shiri da ruwa. Maiwada ma ya sani, sai dai a lokacin hankalinsa na kan jawabin da zai yi.

Ranar Laraba gari ya fito. Maiwada ya ɗauko maroƙi da mai kalangu, an shimfiɗa tabarmi a bakin fadama, mai unguwa Aminullahi ya zo da farar babbar rigarsa ta Idi, liman ma ya zo. Mu da muka san girman albasar Maiwada mun san akwai lauje cikin naɗi, amma muka yi shiru, don mu ma muna son a kira sunanmu. Ya'ƙub ya iso tun da wuri ya zaɓi wuri a gaba. Wani ɗan wari-wari na tasowa daga kwamin, kowa ya ɗora wa injin ban ruwa laifi.

Motar gidan rediyo ta tsaya, Bushra ta fito. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, wani tsoho ya sauko yana dogara sanda.

"Na zo da masani daga Aliero don ya yi alƙalanci," in ji ta. "Sunansa Malam Magaji."

Maiwada ya gane shi nan take. Amma ya tuna ranar nan yana cikin rawani, yau kuwa hula ce, sai ya dake. Bushra ta kunna na'ura ta miƙa masa.

"Jama'ar duniya," in ji Maiwada, "yau za ku ga abin da anka daɗe ana ɓoye muku. Albasar ga iri na na kakanninmu. Ba taki, ba magani, albarkar ƙasa ta kawai."

Maroƙi ya yi kururuwa, kalangu ya ɗauka. Maiwada ya naɗe hannun riga, ya duƙa, ya kama lawashi ya ja da ƙarfi kamar mai tuge rogo. Ganye ya biyo hannunsa babu nauyi, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin laka. Ya ɗaga hannu sama, ga damin ganye, ga tsinke na leƙe a ƙarƙashi.

"Ina albasar?" in ji Bushra.

"Haka irin yake," in ji Maiwada yana haki. "Don girma, ganye daban yake hitowa, uwa daban."

"Ikon Allah," in ji Ya'ƙub. "Kamar kaza da ƙwai."

Maiwada ya sa hannu biyu ya tono ta biyu. Ta fito ƙatuwa, ja wur, jama'a suka yi kabbara, maroƙi ya kusa shiɗewa. Aka miƙa wa Magaji. Tsoho ya juya ta, ya goge laka da bakin riga, ya duba ƙasanta, ya duba samanta, ya zare wani abu ya ɗaga.

"Shekarata hamsin ina noman albasa," in ji shi, "ban taɓa ganin wadda ta tsiro da tsinken tsintsiya ba."

"Tsintsiyata ta!" in ji Kaltume daga cikin mata, kafin ta tuna ta toshe baki.

Magaji ya ci gaba. "Kuma ba ta da saiwa, an aske ta. Ku dubi wuyanta, yankan wuƙa na, ya karkata hagu. Dut Aliero ni kaɗai ke yanka haka, don ni bahago na." Ya ɗago ya ƙura wa Maiwada ido. "Yi magana in ji, Alhaji."

Maiwada ya girgiza kai.

"Ba kai na mutumin Yawuri mai biki ba? Wanda yac ce garinsu yara ke wasa da irin wagga? Ashe nan na Yawuri."

Maiwada ya ga babu mafita sai gaba, ya ce ƙarya ake masa, bari ya tono wata a ga bambanci. Ya cusa hannu ya finciko ta uku, wadda ta fi shan ruwa. Tana fitowa ta fashe a hannunsa, ruɓaɓɓen ruwa ya yi tsalle ya sauka a ƙirjin farar rigar mai unguwa. Warin da ya tashi ya sa liman ya ja tabarmarsa baya. Mai unguwa ya dubi rigarsa, ya dubi Maiwada, ya miƙe a hankali. Maiwada ya fara ja da baya yana ba da haƙuri, yana ja yana ba da haƙuri, har ƙasa ta ƙare a bayansa. Rijiyar fadama ba ta da zurfi, amma ta isa ta gurɗa ƙafa.

Da igiyar injin aka jawo shi. Aka rasa inda za a kai shi sai Aliero, don ko mu mun yarda masu ɗorinsu sun fi namu. A motar gidan rediyo aka ɗauke shi, yana kwance da kansa a cinyar Magaji, tsoho na yi masa sannu.

Da aka dawo da shi gida da ƙafa a ɗaure, muka je dubiya muna zaton za mu tarar da mutum ya yi laushi. Muka same shi a zaure yana washe baki.

"Ku ba ku da lissahi," in ji shi. "Yarinyar ga ta ɗauki komi cikin na'ura. Gobe dole ta ba da labari, dole ta hwaɗi inda abin ya hwaru. Ni cewa na yi za a kira sunan Maiyama, ban ce da alheri ko da tsiya ba. Ya'ƙub ya sha ƙasa!"

Muka duba muka ga wallahi gaskiyarsa. Washegari da hantsi ƙofar gidansa ta cika, aka ɗora rediyo a kan turmi, aka sa sabon batir. Ya'ƙub ya zo ya zauna, fuskarsa babu walwala. Aka gama Jega, aka gama Aliero, sai muryar Bushra ta fito.

"Wani abin al'ajabi ya faru jiya, inda wani gogaggen manomin Aliero, Malam Magaji, ya gane albasarsa bayan an binne ta a gonar wani. Wannan ya ƙara nuna ƙwarewar manoman Aliero. Wani ɗan kasuwar Jega da ya shaida abin ya ce bai taɓa dariya irin ta jiya ba. Lamarin ya faru ne a wani gari da dattawansa suka roƙe mu mu sakaya sunansa."

Maiwada ya ɗauki rediyon ya girgiza ko sauran maganar ta maƙale.

"Waɗanne dattawa?" in ji shi.

Mai unguwa Aminullahi ya yi gyaran murya. "Mu na. Ni da liman da Kaltume. Lokacin da ana jawo ka daga rijiya munka ja yarinyar gehe, munka roƙe ta don Allah ta ruhwa muna asiri. Ɗiyar mutunci ta, nan take ta yarda."

"Wa ya aike ku?"

"Haba Maiwada. Shekara da shekaru ba a kira mu ba, rana guda a kira mu da ruɓaɓɓar albasa? Ɗiyanmu na aure Jega."

Maiwada ya juya ga matarsa. "Har da ke, Kaltume?"

"Ni na hwara kuka ma," in ji ta. "Don kai niy yi."

Maiwada ya dafe kai da hannu biyu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya fi na ƙafar, don da maƙiyi ne ya yi masa da ya san abin da zai ce. Ya'ƙub kuwa walwalarsa ta dawo, ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Allah shi ba ka lahiya, taubashi. Kada ka yi gaggawa, buhu ba ya ruɓewa."

Bayan mako huɗu ƙafa ta taku, albasar bana kuma ta ƙare a gonaki. Maiwada mai cika baki ne, amma ba ya cin alkawari. Ranar kasuwar Jega muka cika mota biyu muka raka shi. Ya'ƙub ya naɗa masa gammo da hannunsa, ƙarti biyu suka aza masa buhun gero. Ya ɗaga ƙafa yana ɗingishi, jama'a suka dare. Sai dai tun a mota ya gaya mana ya yi wani tanadi, don alkawari bai hana ƙari ba. Ya buɗe murya yadda har 'yan shanu sai da suka ji.

"Jega ita ta uwa! In ji Maiwada na Maiyama, garin da ya hi ta albarka!"

Haka ya zaga kasuwa yana maimaitawa, gumi na zuba, mu muna binsa muna tafi. Muka hango Bushra ta kutso da na'urarta ta miƙa saitin bakinsa, ya ƙara ƙarfi har jijiyar wuya ta tashi. A hanyar komawa gida waƙa muka yi ta yi a mota.

Washegari muka kewaye rediyo. Kafin a fara labarin kasuwanni sai ga muryar Maiwada tar, kamar yana tsaye a gabanmu: "Jega ita ta uwa!" Nan aka datse. Muka jira sauran, mai shiri ya shiga farashin gero.

Muryar ta yi wa masu rediyon daɗi, ba su yar da ita ba. Yau shekara biyu ke nan, kowane hantsi da ita ake buɗe labarin kasuwar Jega. In ta fito, Maiwada kan ɗaga yatsa a teburin mai shayi ya sa kowa ya yi shiru, sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Dut girman Jega, ba su iya buɗe kasuwa sai ɗan Maiyama ya yi magana."